Ƙara Daban, Ji Daban

Ginin siminti na ƙaruwa a Tasawa, haka ma a Mayahi. Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram zai ga sababbin gidaje a bakin gari, da shagunan magani, da masallatan unguwa da aka rushe na ƙasa aka tayar da na bulo. Galibinsu rufin kwano ne, a ƙarƙashinsa kuma an yi silin, wanda mu nan muke kira filafon. Tare da filafon ɗin wani sabon kaya ya shigo: lasifikar da ake huda rufi a saka ta ciki, ba a ganin komai nata sai farin murfi mai ƙananan huji, faɗinsa taƙi guda da ɗan wani abu. Alhajin da ya gama falonsa yana son karatun Alƙur'ani ya riƙa sauka a hankali bayan asuba, labarai kuma da hantsi, ba tare da wani baƙin akwati ya tare masa kusurwa ba. Kwamitin masallaci na son mutanen sahun baya su ji huɗuba yadda na gaba suka ji ta.

Idan an je saye, ko Maraɗi ko Sabon Garin Kano, kashi uku ake tararwa. Akwai na araha da ake jibgewa a kwali ba suna ba asali. Akwai masu tsada da mai shago ke ajiyewa can sama, sai ya ga alamar kuɗi a jikin mutum zai sauko da su. Sai na tsakiya, waɗanda ba su da abin burgewa a ido. Kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake shiga: "Wat nawa ce?"

Wannan tambayar ce ke cin kuɗin mutane. Masu yin kayan araha sun san ita za a yi, shi ya sa suke buga 1000 ko 2000 da manyan lambobi a kan kwalin lasifikar da tafin hannu zai rufe. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da lasifika za ta iya ɗauka ta daɗe tana aiki ba ta ƙone ba, kuma ta falo ba ta cika wuce wat 20 zuwa 50 ba. Ko ita ɗin ma juriya take nunawa, ba yawan ƙara ba. Wanda ya bar mai wat 30 ya ɗauki mai 60, ya kuma ba ta wutar da ta kai haka, desibel 3 kacal ya ƙaru da shi, ɗan bambancin da sai an kasa kunne ake ganewa. Sai an ninka ƙarfin har sau goma kunnen mutum ke yarda cewa ƙara ta ninku. Akwai wata lamba ƙarama a bayan kwali da ba a kulawa da ita, mai nuna ƙarar da lasifika ke bayarwa in an ba ta wat ɗaya tak aka tsaya nesa da mita ɗaya. Ta filafon mai kyau takan ba da desibel 88 zuwa 90. Wannan kuwa ya riga ya fi ƙarfin hira a ɗaki. Ke nan mai sauraron labarai a falonsa da wuya ya ci wat biyu, ko da ya biya kuɗin dubu.

Ba laifin masu saye ba ne kaɗai. Kunnenmu a kan lasifika mai bakin kakaki ya tashi, irin ta kan hasumiya, da ta mai tallar magani ranar kasuwa, da ta motar ƴan siyasa. Tun 1936 aka ɗora irinta a Masallacin Sultan na Singafo, daga nan ta bazu a duniyar Musulmi har ta iso ƙauyukanmu. An ƙera ta ne don ta jefa murya nesa a fili, kuma ta iya aikinta: da wat ɗaya takan haura desibel 100, ladan ya kira salla a ji shi har bayan gari. Mun saba da ita har muka ɗauka kyawun lasifika shi ne ta yi ƙara. Sai muka shigo da wannan ma'aunin cikin ɗaki, inda ba nisa ake yaƙi da shi ba.

A cikin ɗaki abokin gaba shi ne amsa-kuwwa. Tsohon ɗakin ƙasa, mai yaɓe da rufin azara, ga tabarmin kaba shimfiɗe irin wanda matan Gulbin Kaba ke saƙawa, ga labule, ga tarin kaya, yana shanye sauti, magana ta fito sau ɗaya ta tsaya. Sabon gini kuwa bango siminti ne mai santsi, ƙasa an shimfiɗa karo, taga gilashi. Sauti ya bugi wannan bango ya koma wancan, ya faɗi ƙasa ya tashi sama, kafin ya mutu kalma ta biyu ta taho ta hau kansa. Abin da ke fara ɓacewa shi ne baƙaƙe, domin su gajeru ne marasa ƙarfi, wasula kuwa dogaye ne masu ƙarfi, kuwwarsu ce ke binne na kusa da su. Shi ya sa za ka zauna a masallaci sabo fil, muryar liman ta cika ko'ina har ƙirji na amsawa, amma ka kasa raba sinun da sadun a karatunsa, ka fito ba ka san a kan me aka yi huɗuba ba. Abin da kwamiti kan yi a nan shi ne a ƙara murɗa amfili, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ko a tara kuɗi a sayo babbar lasifika. Ƙarar da aka ƙara kuwa ita ma bango za ta buga. Dattawan da kunnensu ya fara nauyi su ne suka fi cutuwa, kuma su ne ba sa yin ƙorafi, sai dai su ce tsufa ne.

Gwajin amsa-kuwwar ɗaki ba ya cin ko dala. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya mutu nan take, ɗakin zai karɓi kowace lasifika ta kirki. In ya yi ta ringi yana zagaye, fara kai kuɗinka wajen mai darduma da mai labule tukuna.

Amfanin lasifikar filafon shi ne tana kawo murya kusa da kunne, ba sai an ɗaga ta ba. Manomin Mayahi ya san ba a juye buhun taki a gindin shuka guda a ce sauran gona ta samu. Ɗan tsunkule ake sa wa kowane rami. Haka ake raba sauti. Kowace lasifika tana zubo shi ƙasa a da'ira, kuma lissafin faɗin da'irar mai sauƙi ne: a cire tsayin kunnen mai sauraro daga tsayin filafon, a ninka abin da ya rage sau biyu. Filafon mai mita 3, mutane zaune a ƙasa kunnensu wajen mita ɗaya, saura 2, da'irar ta kai mita 4. Falo mai mita 4 da 5 guda biyu sun ishe shi. Masallaci mai mita 10 da 15 zai so kamar goma sha biyu, layi uku na hurhuɗu, kowace a kan wat 3. Duka wat 36 ke nan, amfili mai wat 60 ya ɗauke su da sauran numfashi. Mutum zai yi mamakin jin cewa masallacin da ake ta nema wa wat ɗaruruwa abin da yake buƙata ke nan. Sai dai a kiyaye kada a huda ɗaya daidai kan inda liman ke tsayawa da makirfo, don nan ne kukan nan mai tsinka kunne ke tasowa.

Yanzu a ɗaga kai a tuna abin da ke can saman filafon, domin nan lasifikar za ta yi rayuwarta. A watannin Afrilu da Mayu zafin waje kan haura digiri 40, tsakanin kwano da filafon kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Hunturu na zuwa da ƙura mai laushi da ke shiga duk inda iska ta shiga. Ɓera na can, jemage na can, gara na bin katako. Ruwan farko in ya sauka yakan sami hujin ƙusa ya ɗiga. Lasifikar araha fatarta takarda ce, bakinta soso, bayanta a buɗe. Zafi ya narkar da gam, soson ya ruɓe ya zube, ƙura ta shiga ɗan tsagin da naɗin waya ke motsi a ciki, murya ta fara karce-karce. Wadda aka ajiye a kan tebur in ta lalace sai a ɗauke ta. Wannan kuwa sai an kawo tsani, an kwance, wani lokaci an fasa gefen filafon, kuma in ba a sami mai faɗinta daidai ba hujin ya zauna yana kallon baƙi.

Mai tsadar fa? Ba na musun kyanta. An yi ta ne don gidan da ke rufe ruf, mai sanyin na'ura, inda ba a jin motsin komai, kuma abin da aka biya kuɗi mai yawa dominsa wasu ƴan siraran bambance-bambance ne da sai a irin wannan shirun ake jin su. A falonmu fanka na juyawa, injin maƙwabci na ruri, kabu-kabu na wucewa, yara na tsakar gida. Rabin kuɗin a iska zai tafi. In kuma wuta ta yi tsalle ta ƙone ta, ba mai kayan gyaranta a Tasawa, da wuya a Maraɗi da ke nesa da kilomita kusan 120, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. Mai hali in ya ga dama ya saya, kuɗinsa ne. Amma da ya raba abin da ya ɗora a kai tsakanin darduma da waya mai kyau da ladan ma'aikaci, da kunnensa ya fi morewa.

Ta tsakiyar ana gane ta da hannu. Fatarta roba ce mai tauri, bakinta baƙar roba mai laushi ba soso ba, a tsakiya akwai ƙaramar lasifika ta biyu mai fitar da siraran sautuka, bayanta da murfi ko aƙalla ƙyallen tare ƙura, murfin gaba kuma ba mai tsatsa ba. Ka ɗora yatsu ka danna fatar a hankali daidai wa daida: in ta shiga ta dawo shiru, lafiya lau, in ka ji tana gogar wani abu, mayar. Mai inci 6 da rabi ta ishi yawancin ɗakuna, mai inci 8 sai babban falo. Sunaye biyu sun daɗe a masallatan Afirka ta Yamma, TOA ta Japan da aka kafa a Kobe a 1934, da Ahuja ta Indiya da ta fara a 1940. Daɗewar tasu ce ta sa masu gyara suka san cikinsu, ita ce kuma ta sa jabunsu ya cika kasuwa. Suna a kwali bai isa shaida ba.

Abin da na lura da shi a wannan ciniki shi ne, zaɓen na tsakiya ya fi sauran biyun wahala. Mai ɗaukar na araha aljihunsa kawai ya duba. Mai ɗaukar na tsada sau da yawa idon mutane ya duba. Dukansu ba su buƙaci sanin komai game da ɗakinsu ba. Wanda zai tsaya a tsakiya kuwa dole ya auna tsawo da faɗi, ya tafa hannu ya saurara, ya san su wa za su zauna a ɗakin da abin da za su ji, ya san inda zai kai gyara. Mukan ɗauki matsakaici kamar wanda ya gaza kaiwa sama ne ya haƙura, alhali sau da yawa shi kaɗai ne ya yi aikin tunani. Ita kuma wannan lasifika tana da wani hali da ke tsare mutum: da zarar ta shiga rufi ba mai ganin sunanta. Baƙo ba zai yaba ba, maƙwabci ba zai tambayi kuɗinta ba. Abin da ya rage mata shi ne aikinta, ko a ji magana ko kada a ji.

Dole a faɗi wata gaskiya a nan. Yawancin gidajen Urafan da Korgom da Kanambakashe da Maijirgi ba su da filafon, kuma rufin ƙasa ba abin hudawa ba ne. Wanda ya taɓa shi damina za ta nuna masa. Mai irin wannan ɗaki ƙaramar lasifikar bango ta ishe shi, ko ƴar rediyon nan mai Bluetooth da katin memori da ake caji da pano na hasken rana. Ba koma-baya ba ne. Ɗakinsa ma ya fi na mai karo daɗin sauti.

Sai maganar wuta. Yankinmu a kan layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa ya dogara shekara da shekaru, kuma kowa na tune da yadda aka kasance lokacin da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ko a kwanakin lafiya wutar na tafiya ta dawo da ƙarfi. Don haka amfilin da ke karɓar batir mai bolt 12 ban da wutar NIGELEC ya fi wanda ya fi shi suna amma ba ya yi, musamman ga masallaci, inda ba a ɗage salla don an ɗauke wuta. Ƙananan amfili na zamani ba su da ci, pano ɗaya da batir kan riƙe su. A sa musu na'urar daidaita wuta a gaba. Yawancin lasifikun da ake cewa sun mutu, amfili ne ya kashe su: ƙarami aka murɗe shi har ƙarshe, sautin ya fashe, naɗin waya ya yi zafi ya ƙone.

Wajen haɗi ne ake yin asarar da ta fi ciwo, don ba a ganinta sai hayaƙi ya tashi. Lasifikar gida yawanci om 8 ce. In an haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa a baki ɗaya sun koma 4, amfili zai jure. In an mai da su huɗu sun koma 2, nan fa zai yi zafi ya mutu. Wurin da ke son lasifika da yawa, kamar masallaci ko zauren taro, tsarin layin bolt 100 ake yi masa, inda kowace ke da ƴar taransifoma a bayanta, a zaɓa mata wat 3 ko 6, a jera su a waya ɗaya komai nisa. Ba a gauraya iri biyun. Kuma jar waya ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa a kowace ɗaya, in ba haka ba wata na turawa wata na ja, kaurin murya ya ɓace a rasa dalili. Ita kanta wayar a kankare bakinta da wuƙa a gani, domin akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ga araha ga karyewa. A zura ta cikin bututun roba saboda ɓera.

Irin zancen da ake ji a bakin sabon gini ke nan. Yaron da zai yi aikin ya ce, "Alhaji, wayar nan ba za ta yi ba, a ƙara jikka biyar a sayo ta jan ƙarfe."

"Kai dai sa wannan, wa zai gan ta?"

"Ranka ya daɗe, ba mai ganinta, amma ni za a kira in ta tsinke."

Yaron ya fi gaskiya, kuma ina jin takaicin yadda ake yi da irinsu. Mutum ya zuba kuɗi a kan abin da ke cikin kwali, ya zo kan waya da ladan mai haɗi ya tsaya ciniki kamar zai sayi goro. Samarinmu da suka koyi wannan aiki, wasu a cibiyoyin koyon sana'a wasu a gaban ubangida a Maraɗi ko Kano, su ne ke hawa cikin wannan zafin su yi rarrafe a kan katako. In an matse su, su ma za su matse aikin, a murɗa waya da hannu a naɗe da leda a sauko. Duk abin da ke ɓoye a gini haka muke yi masa, tun daga ƙarfen cikin ginshiƙi.

Kafin a biya, a saurara. Mai shago zai sa kiɗa mai duka ya murɗe har ƙarshe, domin ƙara na rufe aibi. Ka roƙe shi ya rage, ka ba shi wayarka ya sa muryar da ka sani sarai: mai karanta labaran Muryar Sahel, ko karatun Mahmud Khalil al-Husari, wanda ya fara naɗe Alƙur'ani cikakke a 1961 kuma har yau ake koyon fitar da haruffa daga bakinsa. Ka ja baya taku huɗu. In kowane harafi ya iso maka a ƙaramar murya, lasifikar ta ci jarrabawa. In kana son kiɗa, sa kalangun Shata ka ji ko tashi da saukar muryar gangar na fitowa, ko kuwa dukan kawai ake ji. Ka tuna kuma a shago tana tsirara ne, ba kaurin murya. Sai ta shiga rufi take cika. Abin da kake nema a wurin shi ne tsabta.

Akwai haƙƙin waɗanda ba su je kasuwar ba. Sararin saman filafon a haɗe yake, sautin da ke fita ta bayan lasifikar falo yakan bi ta can ya sauka ɗakin da jariri ke barci, ko na tsohuwa marar lafiya, ko na uwargida da ba ta nemi jin wasan ƙwallo da tsakar dare ba. Murfin baya na rage wannan. Kowane ɗaki kuma a sa masa maɓallin rage murya a bango, mai ɗakin ya zama shi ke da iko da abin da ke shiga kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyakar da kunnen babba ke ɗauka lafiya, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A 2021 hukumomin Saudiyya sun taƙaita lasifikun waje na masallatai ga kiran salla da iƙama, suka ce kada a wuce sulusin ƙarfinsu, bayan koke-koken iyaye da tsofaffi. Malamanmu ma kan tunatar da ƙarshen Suratul Isra'i, inda aka yi umarni da tsaka-tsaki wajen ɗaga murya a salla. Masallacin da ya raba layin ciki da na hasumiya, kowane da maɓallinsa, ya huta da rigimar maƙwabta, mutanen ciki kuma sun ji karatu.

In an gama aiki, a bar ƙofar shiga saman filafon, kada a toshe ta don ado. Bayan ruwan farko a hau da tocila a duba ko akwai ɗiga kusa da lasifika, a gyara kwanon tun fatar ba ta jiƙe ba. A sa mai haɗin ya zana a takarda inda kowace waya ta bi da wat ɗin da ya ɗora kowace lasifika a kai, a ajiye takardar tare da takardun fili, domin wanda zai zo gyara nan da shekara biyar ba lallai ne ya zama shi ba.